Fatar Da Kawu Ya Rufe Dogon Inji Da Ita

Jiya warin fata mai shan baƙin mai ya buge ni a wani gareji, sai na tuna Kawuna, tsohon soja mai injin sassaƙa ƙarfe a Zuru. Kan injin yana zamewa ne bisa dogo biyu, wato miƙaƙƙun ƙarafa masu santsi, kuma Kawu ya ɗinka musu murfin fata mai naɗi kamar zugazugi, don kada garin ƙarfe ya shiga. Kullum maganarsa ɗaya: “A rufe dogo kafin a kunna.”

Ina da mata da ’ya’ya lokacin, ina aiki a wurinsa, ina ganin na iya. Wani manomi daga Mahuta ya kawo sandar injin niƙa a gyara masa, yana sauri. Fatar ta tsare min gani, na cire ta. Garin ƙarfe ya cika dogon, kan injin ya cije, na murɗa da ƙarfi. Wuƙar injin ta karye, guntunta ya tashi ya tsaga tafin hannun Kawu, da ke tsaye kusa, har ƙashi. Jini ya feshe min riga. Da ɗayan hannun ya kwaɗa min mari, na faɗi cikin tarkace, haƙorina ya fita.

“Tashi ka wanke dogon da kananzir,” ya ce. “Sannan mu tafi asibiti.”

Ya tsaya da hannu a ɗaure cikin tsumma har na gama. Yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, kuma bai taɓa goranta min ba har ya rasu.

Allah ya ba ka hutawa, Kawu. Ban samu na nemi gafararka ba.