Injin kaset ɗin Yaya

Da Yayana ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, ban yi kuka ba. Mutane na ta shigowa gaisuwa, ni ina zaune a tabarma ina kallon takalmansu, ina ware na gwanjo da na kanti a raina. Ban san me ya same ni ba, kuma har yanzu bai gama sakina ba.

Yaya mai ɗaukar hoto ne a Bici. Biki, suna, saukar karatu, duk shi ake kira. Ni kuwa sakandare leƙa ta na yi na fito, na kama rumfar cajin waya a can Bici. Ina ɗan taɓa gyara, irin wanda in waya ta tashi in ce ƙwarewa ce, in ta mutu in ce dama ruwa ya shige ta.

A ƙauyenmu kayan mamaci ba sa daɗewa a ɗaki. Rabar da su ake yi gida-gida sadaka, kowa ya ɗauka ya yi masa addu'a. Inna ta raba riguna da takalma, ta zo kan kayan aikinsa ta raba su kamar dai riguna. Kwamfuta ta tafi gidan liman. Wani tsohon inji mai cin kaset ya tafi wajen Kawu. Wayar da ke haɗa su kuma, mai kauri, maƙwabciyarmu ce ta samu.

Sai bayan an kai gero rumbu Inna ta kira ni.

“Auta, fuskarsa ta fara ɓace min. In na rufe ido hularsa kawai nake gani.”

Wayarsa ta hannu ta niƙe a hatsarin, kuma ko hoto ɗaya nasa babu a gidan. Amma na san duk aikin da ya yi a kaset yake zubawa da injin nan, wanda tsohon maigidansa na Kano ya bar masa. Kaset-kaset ɗin na nan a kwali, babu wanda ya so su. Na ce mata ta bar min, ai ni injiniya ne. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Karɓo sadaka abin kunya ne, don haka duk gidan da na shiga cewa nake aro na zo. Kawu ko tashi bai yi ba.

“Ɗauki tsiyarka. Na sa masa kaset ɗin wa'azi ya ƙi shiga, na danna ya ƙi. Wannan rikoda ce ko arne?”

“Kawu, ba rikoda ba ce.”

“To me ya sa aka ba ni?”

Wayar haɗin kuma a wuyan akuya na same ta. Maƙwabciyarmu ta ce tun da take ba ta taɓa samun igiya mai ƙarko irinta ba. Sai da na kawo mata wata igiyar ta yarda.

Na harhaɗa komai a rumfa na jona a sola. Injin ya kawo koriyar wuta, ya haɗiye kaset, ya yi gurnani. Na duba kwamfuta, babu shi. Kamar ba a jona komai ba.

Na miƙe haƙoran wayar da allura, waɗanda akuya ta lanƙwasa. Na wanke su da fetur da buroshi. Na buɗe kwamfutar, na zare katin da wayar ke shiga, na hure shi na mayar. Wani Ba'indiye a bidiyo ya ce injin ake fara kunnawa kafin kwamfuta, na yi. Ya ce a juya 'yar lambar da ke bayansa, na juya ta har ta dawo inda take. Mai shayin da ke gefena kullum da safe sai ya leƙo.

“Injiniya, yau ma ba su gaisa ba?”

“Surukai ne, kunya suke ji.”

Haka nake ba shi amsa, bakina na aiki shi kaɗai. Da yamma in koma gida Inna ta dube ni, in girgiza kai, ta zuba min tuwo.

Ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijo mai gyaran kwamfuta a Kano, na kira shi ta bidiyo. Ya ce in juya masa bayan injin.

“Yaro, baki biyu ne da shi. Ɗaya ka sa waya. Ɗayan ina toshinsa?”

“Wane toshi, Baba?”

“Ɗan ƙarami, bai kai akwatin ashana ba. In babu shi kwamfuta ba za ta taɓa ganinsa ba. Kuma kar ka wahalar da kanka zuwa kasuwa, an daina kawo shi.”

Na kashe wayar na zauna. Da Yaya na raye, duk sanda ya yi tafiya nakan saci jiki in kunna injin nan, bai taɓa yi min aiki ba. Na ɗauka ni ne daƙiƙi. Ashe cire abin yake ya tafi da shi, saboda ni.

A tsakar gida na tarar da Inna tana tsince wake. Na ce mata abin ya gagara, wani ɗan ƙarfe ne ya ɓata, na kwatanta mata girmansa da yatsu. Ta ci gaba da tsinta. Can ta ajiye faifan, ta kwance bakin zaninta, wajen da take ƙulle goro. Ga shi nan, har ya yi ja.

“A aljihunsa aka samo. Masu wanka ne suka ba ni. Ban san ko mene ne ba.”

Na miƙa hannu, ta janye.

“Inda za shi, da ni za shi.”

Washegari na goya ta a babur zuwa Bici. Mai shayi ya ba ta benci. Ita ta miƙo min ƙarfen da hannunta, na toshe bakin, na kunna inji, na kunna kwamfuta. Sai ga injin ya fito a allo, haka kawai, kamar dama can yana nan.

Muka wuni muna bin kaset-kaset ɗin. Amare, jarirai, ragunan suna, ɗalibai da alluna, wani alhaji da sabuwar motarsa. Rabin mutanen Bici sun wuce ta gabanmu. Yaya babu. Shi ke riƙe da kyamara, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

A na ƙarshe sai ga Inna da kanta, a gaban rumbunmu, da faifai a hannu, baki buɗe, tana nuna mai ɗaukar hoton da yatsa. Ta matso da fuskarta kusa da allon, ta daɗe tana kallo.

“Cewa nake ya ajiye abin nan ya zo ya ci abinci.”

Na ce to.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Inna.”

“Ba ni abuna.”

Na kashe komai na cire mata. Ta ƙulle shi tare da goronta, ta gyara mayafi. Wani ya zo karɓar wayarsa, na duba na ce masa ba ta cika ba, ya dawo an jima.