Motar da Baba Ya Zaɓa Mini

Ranar Asabar ƙaurin taya ya bugi hancina a filin tsere, sai Baba ya faɗo mini a rai. Tsohon makanike ne a garin Pleasant Garden, inda na zauna ina karatu, ya riƙe mu ɗalibai kamar 'ya'yansa.

A wancan lokacin wasan mota uku nake ɗokin shiga: kewaye robobin da ake jerawa a filin fakin, gudu a turɓaya, da tsere a kwalta. Ƙarfina kuwa na mota ɗaya ne, kuma ita za ta kai ni makaranta. Na nuna masa hoton wata mai sheƙi a wayata.

Ya ce, "Wannan tausayinta za ka ji. Motar da kake tsoron ta ƙwarzane ba za ta koya maka tuƙi ba."

Ya ja ni garin Summerfield gidan wani mai dawaki, inda wata 'yar tsohuwar mota mai giyar hannu take warin ciyawa da baƙin mai. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya saurari injin, ya naɗe hannun riga muka shiga. A hanyar gona ya murɗa sitiyari, bayan motar ya zame, tsakuwa ta watse. Ina ta salati, shi yana ƙyalƙyala dariya.

"Saye ta, ɗana! Taya kawai za ka riƙa canjawa!"

Na saya, ta kuma yi mini duka ukun. Ranar da na ci kofina na farko da ita, Baba ya riga ya rasu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.