Ƙwaryar Ɗan Yawo

Kakata Delu ba ta taɓa yarda da baƙo ba, ko da carbi ya shigo a hannu yana ja. Gidanmu yana bakin hanyar da ta fita Jibiya ta nufi Maraɗi, ba nisa da shingen kwastan, ita kuma fura take dama wa direbobi a ƙofar gida. Duk wanda ya tsuguna zai sha sai ya amsa tambaya: ɗan wa ne, daga ina, mi ya kawo shi. In ya amsa da sauri, ta ce tun daga gida ya shirya ƙaryarsa. In ya yi jinkiri, ta ce yanzu yake ƙera ta. Wallahi ba ka da mafita wajen tsohuwar nan.

Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo, sai ta hura wuta da kara a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take zaunarwa kusa da ita, don ni ne maigidanta, irin wasan nan na kaka da jika. Ni ne kuma ta fi sa wa ido, saboda tun ina ƙarami nake da cutar son ganin wurare. Tsofaffin kalandun da direbobi suka yar nake tsincewa, in yanke hotunan duwatsu da koguna, in liƙa su da ƙaro a bangon ɗaki. Mota ba ta tsayawa ban je na tambayi direba yadda Agadas take ba.

"Maigida," takan ce tana juya gyaɗa, "ƙahwar nan taka ba ta zama ba ce. Ina ganin ranar da za ka tahi ka bar ni da zawarci."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta yi sai ina wurin. Takan gyara ɗankwali ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo, mun matsa."

Wai an yi wani mutum ana ce masa Ɗan Yawo. Ba ya noma, ba ya fatauci, ba ya kuma sata. Abin da ya mallaka ƙwarya ce guda. In ya ga wuri mai kyau, sai ya cika ta da ruwa ya karkata ta wajen, wurin ya shiga cikin ruwan ya zauna, da itatuwansa da tsuntsayensa. Ranar kasuwa sai ya buɗe faifai, mutane su yi ta leƙawa suna salati. Ko anini ba ya karɓa, daɗin nunawar kawai yake ji.

Wata shekara aka yi yunwa, mahara suna bin garuruwa suna fasa rumbuna. Mutanen wani gari suka kwashe ɗan geron da ya rage musu suka kai bayan wani dutse mai tsagi biyu, suka gina rumbuna a nan, suka rantse ko a mafarki ba mai ambaton wurin. Ɗan Yawo ya biyo ta bayan gari. Bai shiga ta ƙofa ba, bai gai da mai gari ba, bai sha ruwan kowa ba. Ya hau dutsen da yamma, ya hango rumbuna jere rana ta yi musu ja, abin ya burge shi, ya ɗauke su a ƙwarya ya wuce.

A nan Kaka takan rage murya ta dubi ƙofar gida, mu ma duk mu waiga. A kasuwa ta gaba, in ji ta, cikin masu leƙa ƙwaryar akwai wani dogo da ya naɗe fuska da rawani. Kowa yana yabon rumbuna, shi tsagin dutsen yake kallo. Kwana uku aka yi, gero ya tafi har ƙwaya ta ƙarshe.

Aka kamo Ɗan Yawo, yana kuka yana rantsuwa bai nufi kowa da sharri ba. Mai gari ya ce ai ba wanda ya ce ya nufa. Ba su dake shi ba. Sun zaunar da shi a tsakiyar gari ne kawai, lokacin da yara ke tambayar iyayensu abincin dare.

"Iyakarta ke nan, kowa ya ɗauki gyaɗarsa," in ji Kaka.

Ni kuwa sai raina ya ɓaci. "Kaka, mi ya yi? Kallo fa kawai ya yi!"

"Ya yi sallama kahin ya kalla? Ya tambayi masu wuri?"

"Ai dutse ba na kowa ba ne."

"Kai, Maigida! Nuna mini wurin da ba na kowa ba in kai tabarmata can."

Na daɗe ina zargin don ni ta ƙirƙiri tatsuniyar nan, don na tambayi yaran unguwa kaf, ba wanda kakarsa ta san wani Ɗan Yawo. Da na tuhume ta sai ta ce in je in tambayi kakarta a Maraɗi, wadda ta rasu tun kafin a haifi babana.

Na girma, na tafi kamar yadda ta faɗa. Na sayi kyamara, na hau tsaunukan Mambila, na kwana cikin rairayin Agadas, ina ɗaukar hotunan ƙasa ina sawa a shafina na intanet. Kaka ta rasu ina kan hanya. Tatsuniyarta kuwa na mai da ita abin ba abokai dariya, ina ce musu tsohuwata ko da inuwarta ba ta yarda ba.

Ƙarshen wata damina na dawo gida. Kowa ya san abin da ɓarayin daji suka yi wa ƙauyukanmu, ni ma na sani, amma irin sanin mutumin da ke zaune a birni. Na hau babur na bi wajen Mazanya, na bar hanya, na hau wani tudu. Bayansa na tarar da wani kwari kore shar, da ruwa kwance, da shanu fiye da ashirin suna kiwo. Na ɗauka, kafin in isa gida na sa hoton a shafina, na rubuta sunan yankin a ƙasa. Za ku ce, tatsuniyar Kaka ba ta faɗo mini a rai ba? Wallahi ko kusa.

Washegari da la'asar na koma don in sami hasken yamma. Ban gama saita kyamara ba na ji an ce, "Aje ta ƙasa." Maza huɗu ne da sanduna, da wani dattijo da suke kira Baba Ilu. Wani saurayi cikinsu ya ce tun jiya suka ga sawun baburina, ni ɗan leƙen asiri ne, a ɗaure ni.

"Ɗan wa ne kai?" in ji dattijon.

"Jikan Delu mai fura ne, Baba, ta bakin shinge."

Ya daɗe yana kallon fuskata. Ya tambayi sunan babana, ya tambayi wace bishiya ce a ƙofar gidanmu. Na ce bedi, wato darbejiya. Sai ya ce su sauke sanduna.

"Jikan Delu, kuma ka shigo ƙasar mutane ba ka gai da mai gari ba? Shanun nan su ne suka rage mana, na gida tara. Ko matanmu ba duka suka san inda suke ba." Ya nuna kyamarar da haɓa. "Abin da ke cikin nan, wa ka nuna wa?"

Na so in ce ba kowa. Kalma biyu ce, in hau baburina in tafi lafiya. Na dubi saurayin nan, na dubi sandarsa, na ce, "Baba, na sa a waya tun jiya. Yanzu zan goge."

"In ka goge, waɗanda suka gani za su manta?"

"A'a, Baba."

"Ka san su duka?"

"Ban san su ba."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Juyawa ya yi ya ce a kora shanu yanzu, kafin magariba. Saurayin ya ce ina za a kai su, can tudun babu ruwa, ga saniya biyu da ciki. Dattijon ya ce ya sani.

Shekaru na yi ina ɗauka Kaka cewa take duk baƙo mugu ne. Ashe ba ta taɓa cewa Ɗan Yawo mugu ne ba, ni ne ban saurara ba. Ni ma ban nufi kowa da sharri ba, kuma wannan bai shayar da saniya ko ɗaya ba. Har yau ina yawo, ina son aikina, amma yanzu ta zauren mai gari nake shiga kowane wuri, in sha ruwa, in tambayi abin da ba a so a gani.

Ranar dai ina tsaye aka kora shanun suka hau tudun, rana tana faɗuwa bayansu. Ban taɓa ganin haske mai kyau irin wannan ba, kuma kunya ta kama ni da na lura ina lura da shi. Baba Ilu ne ya rage a baya. Ya ɗauki kyamarar daga ƙasa, ya share mata ƙasa da hannun rigarsa, ya miƙo mini.

"Riƙe kayanka," ya ce. "In wani ya tambaye ka ina shanun suka koma, ka ce ba ka gani ba."