Saƙon da Bai Tafi Hawan Kibo Ba

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da ranar da mahaifiyarmu ta rasu. Rashin uwa ba ya barin zuciya, wannan kowa ya sani. Amma ni akwai wani abu da ya haɗu da nawa, kuma daga wurin aikina ya fito.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani a unguwar Kwararafa, cikin Jos. Muna haɗa wa wata ƙungiyar direbobin manyan motoci ta Dilimi mataimaki na AI, wanda sakatarensu zai riƙa ba umarni ta waya. Mataimakin yana da kayan aiki: ɗaya na duba wanda ya yi lodi ya kama hanya, wani na aika saƙo ga 'yan ƙungiya. Kowane da ɗan bayanin da ke gaya masa amfaninsa. Aikina shi ne in karanta bayanan nan in ce sun yi ko ba su yi ba. Nakan karanta su kamar baƙuwar da ba ta san kowa a garin ba, domin haka mataimakin yake. Abin da aka rubuta masa kaɗai ya sani.

Wata rana aka kawo mini bayanin kayan aikin aika saƙo. Gajere ne, tsaf: yana aika sanarwa ga duk 'yan ƙungiya nan take. Na gwada shi da sanarwar taro, ya yi. Sai na gwada da sanarwar rasuwa, ya watsa wa kowa ba tare da ko tambaya ba. Na mayar da shi, na ce bai yi ba.

Ogana mutumin kudu ne, haifaffen Jos, mai kirki amma mai gaggawa. Ya zo ya tsaya a kaina.

"Malama, ka cika tsanani. Me ya rage kuma? Ai ya aika."

Na ce, "Oga, an faɗa masa abin da zai yi, ba a faɗa masa lokacin da zai dakata ba. Mu ba ma gaya wa mutum mutuwar wani nasa yana riƙe da sitiyari. Cewa ake yi jiki ya tsananta, ya taho gida."

"To wa bai san wannan ba?"

"Shi mataimakin bai sani ba."

Ya yi dariya, ya ce taurin kaina ya fi na direbobin. Amma ya bari muka ƙara layi: in sanarwar rasuwa ce, a fara duba ko akwai ɗan'uwan mamacin a hanya, in akwai, kada a aika wa kowa sai an tambayi sakatare. Aka wuce wurin, ni ma na manta.

Yayana direba ne a wannan ƙungiya. Ranar da Inna ta cika da hantsi a gidanmu na unguwar Ali Kazaure, shi ya riga ya fita da lodin dankali zai yi kudu. Ni kuwa ban san inda kaina yake ba, ko tunaninsa ban yi ba. Maƙwabci ne ya kira sakataren, shi kuma cikin ruɗewa ya ce wa mataimakin ya sanar da kowa, jana'iza bayan La'asar.

Daga baya sakataren ya nuna mini amsar da ya samu. Mataimakin ya ce ɗan marigayiyar yana hanya da kaya, bai aika wa kowa ba tukuna, yana jiran umarni. A daidai lokacin Yaya yana gangara Hawan Kibo, gangaren nan mai haɗari. Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Da saƙon ya fita, ko bai duba waya ba, abokai za su yi ta kiransa da ta'aziyya.

Sakataren ya jira har ya tabbatar Yaya ya sauka daga gangaren, sannan ya kira shi. Ya ce, "Jikin Inna ya tsananta. Ka ba wani motar, ka juyo."

Yaya ya samu jana'iza. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zauna kusa da ni a tsakar gida, idonsa jajir.

Ya ce, "Ina jin muryar sakatare na gane. Amma na gode Allah da ban ji ina kan gangaren nan ba. Wallahi ƙafata ba za ta iya taka birki ba."

Sai a lokacin na yi kukan da ban yi da safe ba. Ranar da nake jayayya da oga, ɗan wasu nake karewa a zatona, ban san ɗan Inna ba ne.

Har yau wannan aikin nake yi. Abin da ranar ta koya mini shi ne, bayani bai cika ba don kawai ya faɗi abin da za a yi. Sai ya faɗi inda za a tsaya, domin a ƙarshen kowane saƙo akwai mutum, kuma wataƙila yana kan gangare.