Sawuna a Tsakar Gidan Baba

Salamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na bar kabu-kabu, ga amsarku.

Ranar kasuwar Konni moto, wato babur ɗina, ya zame da ni, ina ɗauke da buhun albasa. Na ji gwiwar hagu ta yi ƙas. Maɗori ya ce babu karaya, amma da na juya sai ƙafar ta gurɗe. Hoto ya nuna jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke. Na sayar da moton, aka yi mini aiki a Yamai.

Bayan wata biyar zafi ya tafi, na ɗauka na warke.

Likitar da ke koya mana tafiya ta ɗora ni kan wata na'ura, allo yana nuna nauyin da kowace ƙafa ke ɗauka. Ashe lallaɓa ta hagun nake yi ban sani ba. Ta ce, "In ka zarce haka, gwiwar nan tana iya cinyewa tun da ƙuruciyarka. Har sujada sai ta gagare ka."

Na tsorata ƙwarai. Na'ura tana Yamai, ni kuwa garinmu Tajaye zan koma.

Babana makiyayi ne, da sawu yake gane saniya mai ciwo. Da na gaya masa sai ya ce, "Na daɗe da gani. Sawunka na hagu bai da dunduniya. Kurum niy yi, kar in karya ma zuciya."

Daga nan kullum da safe Inna takan share tsakar gida ta yayyafa ruwa, in taka ba takalmi, Baba ya tsuguna ya duba.

"Koma. Har yanzu tsoronta kaka ji."

Wata huɗu muna haka. Akwai ranar da na koma bayan rumbu na yi kuka.

Na gode wa likitata, da Inna, da ku masu addu'a. Wanda aka yi wa aikin gwiwa, kada rashin zafi ya ruɗe shi. Ka koma asibiti a duba tafiyarka, a gida kuma ka sami mai gaya maka gaskiya.

Jiya Baba ya daɗe tsugune kan sawun. Can ya ɗago ya ce, "Kai, wace ƙahwa ta ma anka yi ma aiki?"

Alhamdu lillahi.