Furen Gyaɗar Kakata

Jiya na ga gyaɗa guda ta tsiro a gindin katangar gidan da muka samu mafaka a Batsari, har ta yi fure ruwan ɗorawa. Sai kakata ta faɗo mini a rai.

A gonarta ta Runka, da zarar gyaɗa ta fara fure, ba mai ratsawa ta ciki. Wata safiya bayan ruwa, ƙasa na ta ƙamshi, na yanko ta tsakiya zan kai mata koko.

"Kai angona, ɗage ƙafar nan!" in ji ta. "Masu ciki kake takawa."

Ta durƙusa, ta ɗaga reshe ta nuna mini. Inda fure ya bushe, wani siririn tsinke ya sunkuya yana shiga ƙasa.

"A sama take fure, amma sai ta ɓuya take haihuwa. In ka karya wannan, sai dai mu ci harawa."

Sannan ta tara masa ƙasa mai laushi da tafinta.

Yanzu tsoro ya hana mu zuwa gonar, balle kabarinta. Na durƙusa na tara wa wannan gyaɗar ƙasa yadda take yi. Allah Ya sa ƙasar da ta rufe ta ta yi mata laushi haka.