Ranar da Filin Ƙwallonmu Ya Koma Gona

Duk tsufan da zan yi, ba na jin ranar wasan ƙarshe na gasarmu ta farko za ta fita daga raina.

Mu 'yan samari ne muka kafa ƙungiyar ƙwallon yara a Nasarawa Burkullu, ba don riba ba, sai don mun gaji da ganin ƙannenmu suna sulalewa ramukan zinare. Fili ne ba mu da shi. Wani dattijo da 'ya'yansa duk suka tafi haƙa ya ara mana gonarsa bayan girbi, da sharaɗi guda: ranar da ruwan shuka ya sauka, gona ta koma gona. Na amsa da sauri, don a lokacin bakina ya fi kunnena aiki.

Rani guda muna tattake wurin. Muka shirya wasan ƙarshe, muka gayyato yaran Gummi. Da asubar ranar, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Da hantsi muka iso da baƙinmu, muka tarar da tsohon a bakin raga, da sungumi da ƙwaryar iri. Yana sara, sungumin yana tsalle, saboda ƙafafunmu sun daɓe ƙasar. Shi kaɗai, ko kwata ba zai gama ba kafin ta bushe. Duk da haka na buɗe baki na roƙe shi kwana ɗaya.

Ya ce, "Ɗana, ban hana ku ba. Amma sanyin ƙasag ga ba shi kai gobe."

Ya koma gindin marke ya zauna. Da faɗa ya yi, da na samu abin cewa. Kunya ta rufe ni, ga kuma takaicin wahalar da muka sha.

Kocin Gummi ne ya taɓa kafaɗata. "Malam, mu ma ɗiyan manoma na. In Baba bai shibka yau ba, mi zai ci baɗi?"

Aka bazama gidaje aron sungumi. Muka tuge turakun raga. Manya suna sara, yara cikin rigunan wasa suna zuba gero suna rufewa da diddige, 'yan kallo ma suka shigo. Kafin la'asar an gama. Tsohon ya daɗe yana kallon gonar, ya ce, "Kaka in ta yi, ku dawo."

Ba a ɗaga kofi ba a shekarar. Amma tun daga nan, duk yaron da zai shiga ƙungiyarmu sai ya ba gonar yinin shuka da yinin noma. Tsohon ya rasu, magadansa ba su karɓe aron ba har yau.

A wurin na koyi cewa in aka ba ka aro, ranar mayarwa ce ke nuna ko za a sake ba ka.